Malam Ibrahim na Kano, Uban Isawa

Mutanen Azare da ƙasar Katagum, in sun ji an ambaci Malam Ibrahim, hankalinsu yakan tafi ga Malam Zaki wanda ya kafa Katagum. Amma wanda za mu ba da labarinsa yau wani ne dabam. Malami ne na birnin Kano, ya yi zamani a tsakiyar ƙarni na 19. Jikokin almajiransa ne suka riƙe labarinsa, Likita Miller na Zariya kuwa ya rubuta shi.

Malam Ibrahim mutum ne mai zurfin karatu, yana da daraja a fada. Bai taɓa jin wa'azin mai bishara ba. Cikin karatunsa na Alkur'ani ya riƙa iske sunan Isa ɗan Maryamu, wanda ake kira Kalmar Allah da Ruhu daga gare shi. Wannan ya kama zuciyarsa ƙwarai. Ya yi ta bincike, har ya tabbata a ransa cewa Isa yana da matsayi wanda ya fi na sauran annabawa, zai kuma komo. Ya fara koyar da haka, mutane suka taru gare shi, aka sa musu suna Isawa, waɗansu kuwa suna ce da su Bani Isra'ila.

Koyarwan nan ta zama baƙon abu ga manyan gari. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, aka kira malamin, aka nemi ya janye maganarsa. Ga daraja da abinci da rai a gefe guda, ga abin da ya gaskata a ɗaya gefen. Da ya yarda ya faɗi 'yan kalmomi kaɗan, da ya koma gidansa lafiya. Ya ƙi. Aka tsire shi a kasuwar Kano a idon jama'a. An ce kafin mutuwarsa ya gargaɗi almajiransa su gudu, su jira, gama Allah zai aiko da wanda zai bayyana musu sauran labarin Isa.

Almajiran suka warwatsu. Da yawa suka nufi duwatsun Ningi, a ƙasar da take cikin Jihar Bauchi yanzu, inda malaman da suka bar Tsakuwa tare da Malam Hamza wajen 1846 suka riga suka sami mafaka. Waɗansu suka zauna a ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau. Suka yi shekaru fiye da arba'in suna noma, suna addu'a, suna koya wa 'ya'yansu abin da suka karɓa, maƙwabta kuwa suna dubansu kamar ɓatattu.

A 1913 waɗansu daga cikinsu suka iske Likita Miller a birnin Zariya, suka ji bishara daga bakinsa. Da dama suka ba da gaskiya, aka yi musu baftisma, suka kafa ƙauyen Kirista a Gimi. Nan ma gwaji bai ƙare ba, gama ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya kashe mutane masu yawa. Waɗanda suka ragu suka koma Zariya, daga baya kuma Wusasa, inda mishan ta ƙaura a 1929. Ba dukan Isawa ne suka shiga ikilisiya ba. Waɗansu sun tsaya kan al'adar kakanninsu. Amma daga zuriyar waɗanda suka shiga aka sami Farfesa Ishaya Audu, likita, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Ya ku 'yan'uwa, kada mu ƙara wa labarin nan abin da ba ya ciki. Sanin Malam Ibrahim bai cika ba. Ya yi kama da Afolos cikin Ayyukan Manzanni sura 18, wanda ya yi wa'azi da himma bisa ga abin da ya sani, kafin Akila da Biriskilla su ƙara fahimtar da shi. Shi dai malamin bai sami Akila ba a kwanakinsa. Duk da haka ɗan hasken da aka ba shi bai sayar da shi don tsoron mutane ba.

Mu fa? Tun 1932 muna da Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Yawancinmu ba za a kai mu gaban sarki ba. Namu gwaji yana cikin kasuwa sa'ad da aka yi mana dariya don mun ƙi tauye mudu, da cikin gida sa'ad da dangi suka daina cin abinci tare da mu. A nan ne ake bukatar mu tsaya, ba da zagi ko ramuwa ba, sai da tawali'u da ladabi ga maƙwabtanmu, kamar yadda Bitrus ya koya cikin wasiƙarsa ta fari, sura 3.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Ku karanta Daniyel sura 3. Ina kamannin samarin nan uku da Malam Ibrahim?
2. Me ya riƙe Isawa cikin shekarun jira?
3. A wane wuri ne kai kake jin kunyar a san kai na Almasihu ne?