Malcom McLean: Direban da Ya Ƙi Jinin Komawa Fanko

An haifi Malcom McLean ranar 14 ga Nuwamba, 1913, a garin Maxton na jihar North Carolina a Amurka. Karatunsa bai wuce sakandare ba. Da tsohuwar motar ɗaukar kaya guda ɗaya ya fara sana'a, har kamfaninsa ya shiga sahun manya a ƙasar. Tun a kan titi ya gane cewa motar da ta koma gida fanko tana shan mai, ana biyan direba, amma ba ta kawo ko sisi.

A 1955 ya bar harkar motoci ya sayi kamfanin jiragen ruwa na Pan-Atlantic. Ranar 26 ga Afrilu, 1956, jirginsa mai suna Ideal-X ya tashi daga Newark zuwa Houston ɗauke da kwantena 58. Lodin da 'yan dako ke kwanaki suna yi ya koma aikin sa'o'i. A 1960 kamfanin ya koma Sea-Land.

Sai dai kwantena ta zo da tata matsalar: bayan an sauke kaya, dole a mayar da akwatin inda ake buƙatarsa. Lokacin yaƙin Biyetnam, daga 1967, Sea-Land na kai wa sojojin Amurka kaya, kwantenonin kuma su dawo wayam. Da yake kuɗin kwangilar ya riga ya ɗauki nauyin zuwa da dawowa, McLean ya sa jiragen su riƙa biyawa ta Japan daga 1968, su cika da kayan masana'antunta. Kusan duk abin da aka samu a hanyar dawowa riba ce.

Ba kullum lissafinsa ke cin nasara ba. Bayan ya sayar da Sea-Land a 1969, ya sayi United States Lines a 1978, ya ƙera manyan jirage marasa sauri don tsimin mai. Farashin mai ya faɗi, kamfanin ya durƙushe a 1986 da bashin fiye da dala biliyan ɗaya.

Ya mutu a New York ranar 25 ga Mayu, 2001, yana da shekara 87. Tambayar da ya amsa a Japan har yau tana gaban masu tsara manufofin tashoshinmu, inda kaya ke shigowa Apapa a kwantena, akwatuna da yawa kuma su fita fanko: da me za a cika su?