Malcolm X: ya shiga gidan kaso yana ɓarawo, ya fito da ilimi da aƙida

A watan Fabrairun 1946 wata kotu a jihar Massachusetts ta ƙasar Amurka ta yanke wa wani saurayi baƙar fata mai suna Malcolm Little hukuncin ɗaurin shekara 8 zuwa 10, bisa laifin fasa gidaje da sata. Bai ko cika shekara 21 da haihuwa ba. Mashayin wiwi ne, ɗan caca, wanda ya bar makaranta tun yana yaro. Shekara shida da rabi bayan haka aka sake shi, kuma wanda ya fito shi ne duniya ta sani da Malcolm X, Musulmi kuma suka fi kira Alhaji Malik El-Shabazz. Abin da ya faru a cikin waɗannan shekaru shida da rabi ya cancanci duk mai ɗa ko ƙane a tsare ya san shi.

Gida ya watse tun yana ƙarami

An haife shi ranar 19 ga watan Mayun 1925 a garin Omaha na jihar Nebraska. Mahaifinsa, Earl Little, mai wa'azin Kirista ne, kuma mabiyin Marcus Garvey, jagoran da ke kiran baƙar fata su dogara da kansu, su yi alfahari da tushensu na Afirka. Mahaifiyarsa Louise ƴar tsibirin Grenada ce. Wa'azin Earl ya jawo masa gabar turawa masu ƙyamar baƙar fata, har iyalin suka riƙa ƙaura daga gari zuwa gari kafin su zauna a Lansing, jihar Michigan. A 1929 gidansu ya ƙone ƙurmus. A 1931 aka tsinci Earl jirgin ƙasa na cikin gari ya taka shi, kuma ya cika ba da jimawa ba. Hukuma ta ce hatsari ne, iyalin kuwa sun tafi a kan cewa kashe shi aka yi. Malcolm yana da shekara 6.

Talauci da baƙin ciki suka rinjayi Louise, aka kai ta asibitin masu taɓin hankali na Kalamazoo, inda ta shafe sama da shekara 20. Aka rarraba ƴaƴanta a gidajen mutane. Duk da haka Malcolm ya yi fice a aji, har ya shaida wa wani malaminsa bature cewa lauya yake son zama. Malamin ya nuna masa wannan aiki ya fi ƙarfin baƙar fata, ya ba shi shawarar koyon kafinta. Daga nan zuciyarsa ta fita daga karatu.

A 1941 ya koma birnin Boston wurin yayarsa Ella, wadda suke uba ɗaya. Ya yi goge takalma a wani gidan rawa, ya yi sayar da abinci a cikin jirgin ƙasa, sannan ya faɗa unguwar Harlem ta birnin New York, inda ya shiga sayar da wiwi, da harkar caca, da kawalci. A ƙarshen 1945 ya dawo Boston ya haɗa gungun ɓarayi masu fasa gidajen masu kuɗi. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya: ya kai wani agogon sata gyara, da ya koma karɓa a watan Janairun 1946 ƴan sanda suka damƙe shi. Turawa mata da ke cikin gungun sun sami sassauci, shi da abokinsa baƙar fata kuwa aka zuba musu shekaru.

Shekarar farko: babu abin da ya canza

An fara tsare shi a Charlestown, tsohon gidan kaso da aka gina tun 1805, ɗakunansa ƙanana, ba famfo, sai bokitin bayan gida a kusurwa. Malcolm ya shiga da fushinsa. Yana zagin masu gadi, yana neman duk abin da zai sa shi maye, yana yi wa addini izgili, har ƴan'uwansa fursunoni suka laƙaba masa sunan Shaiɗan. Da ƙunci da wari suna gyara mutum, da a nan ya gyaru, amma a wannan shekarar sai ƙara kangarewa da ya yi.

Farkon wanda ya taɓa zuciyarsa wani fursuna ne da ya girme shi, mai suna John Bembry. Shi ma ɓarawo ne, amma ya yi karatu mai zurfi da kansa, in ya buɗe baki har masu gadi sukan tsaya saurare. Malcolm bai taɓa ganin baƙar fata da ake girmamawa saboda magana kaɗai ba. Bembry ya lura yaron yana da kaifin ƙwaƙwalwa, ya gaya masa ya daina ɓata ta. Da shawararsa Malcolm ya fara darasin Turanci ta hanyar wasiƙa, daga baya ya ƙara da Latin.

Ƙamus da hasken baranda

Ella ba ta yar da ƙanenta ba. Ta yi ta kai-komo wurin hukuma har aka mayar da shi gidan kason Norfolk a 1948. Wannan gida daban ne: an kafa shi da niyyar gyaran hali, yana da azuzuwa, da babban ɗakin karatu, da ƙungiyar muhawara da ke karawa da ɗaliban jami'o'i.

A nan Malcolm ya gane rauninsa. In ya ɗauki littafi, kalmomin da bai sani ba sun yi yawa, rubutun hannunsa kuma da ƙyar ake karanta shi. Sai ya nemi ƙamus da takarda da fensir, ya riƙa kwafe shi shafi bayan shafi, yana karanta abin da ya rubuta da babbar murya. Da kalmomi suka taru, littattafai suka buɗe masa. Ya karanta tarihin cinikin bayi, da rubuce-rubucen W.E.B. Du Bois, da yadda turawa suka mallaki Afirka da Indiya, da falsafa. In an kashe fitila da dare, sai ya zauna bakin ƙofa ya yi karatu da ɗan hasken baranda, in ya ji takun mai gadi ya koma kan gado. Wannan ya raunana masa ido, ya fita da tabarau ɗin da ake ganinsa da shi a hotuna. A ƙungiyar muhawara kuma ya koyi tsayawa gaban jama'a ya jera hujja.

A daidai lokacin ƴan'uwansa na jini suna ta rubuto masa wasiƙa a kan wata ƙungiyar baƙar fata da suka shiga, Nation of Islam, ƙarƙashin Elijah Muhammad. Ƙanensa Reginald ya rubuto masa ya bar taba da naman alade, zai nuna masa hanyar fita. Malcolm ya ɗauka wata dabarar yaudarar hukuma ce, ya bari. Da Reginald ya zo ziyara sai ya ga batun addini ne. Ya rubuta wa Elijah Muhammad, ya sami amsa. Daga baya ya ba da labarin cewa durƙusawa don yin addu'a ta fi masa komai wuya, ya ɗauki kwanaki yana kokawa da girman kansa. Ya ajiye sunan Little, wanda ya ɗauka sunan ubangidan bayi ne, ya sa harafin X a madadin sunan kakanninsa na Afirka da ya ɓace.

Bayan fita

A watan Agustan 1952 aka yi masa sakin talala. Yayansa Wilfred ya sauke shi a gidansa a Detroit, ya samar masa aiki a kantin sayar da kujeru da gadaje. Bai sake komawa ga sata ko maye ba har ƙarshen ransa. A 1954 aka ba shi jagorancin reshen ƙungiyar na Harlem, unguwar da ya taɓa sayar da wiwi. Da yawa daga cikin waɗanda ya jawo tsoffin fursunoni ne da mashaya, domin ya san harshensu. A 1958 ya auri Betty, suka haifi ƴaƴa mata shida.

Sai dai koyarwar ƙungiyar ta sha bamban da Musuluncin da muka sani. Tana ɗaukar Elijah Muhammad a matsayin manzo, tana kuma kiran farar fata shaiɗanu, Malcolm kuwa ya yi shekaru yana yaɗa wannan. Da ya gano shugaban nasa ya haifi ƴaƴa da sakatarorinsa ba aure, kuma aka dakatar da shi saboda kalamansa a kan kisan Shugaba Kennedy, sai ya fice a watan Maris na 1964. A watan Afrilu ya tafi aikin Hajji da kuɗin da Ella ta ranta masa. A Makka ya ci abinci kwano ɗaya da Musulmi farare da baƙaƙe, ya yi salla sahu ɗaya da su, ya kuma fito fili ya janye hukuncin da ya yi wa farar fata baki ɗaya. Ɗabi'ar da ya koya a kaso ta bin hujja duk inda ta kai shi ita ce ta sake yi masa aiki.

Daga Saudiyya ya zo Najeriya, inda ɗalibai Musulmi a Ibadan suka raɗa masa sunan Yarbanci Omowale, wato ɗa ya dawo gida. Ya gana da Kwame Nkrumah a Gana, ya halarci taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Alƙahira a watan Yuli. A watan Disamba ya yi muhawara a jami'ar Oxford ta Ingila, shi da bai gama sakandare ba. A watan Fabrairun 1965 Faransa ta hana shi shiga ƙasarta. Ranar 14 ga watan aka jefa wa gidansa wuta, ranar 21 kuma aka harbe shi yana shirin jawabi a zauren Audubon da ke New York, a gaban matarsa da ƴaƴansa. Yana da shekara 39. An ɗaure mutum uku, amma a 2021 kotu ta wanke biyu daga cikinsu.

Abin da ya shafe mu

Gaya gari ne na iyaka: ga Malanville a ƙetaren kogi, ga Kamba a ɓangaren Najeriya. Inda kaya ke ƙetarawa dare da rana, ba a rasa saurayin da fasa-ƙwaurin mai, ko ƙwaya, ko sata za su kai gaban alƙali. Sau da yawa in ƙofa ta rufe, dangi sai su ja baya don kunya, yaron ya rage daga shi sai waɗanda suka fi shi ƙwarewa a laifi. Gidajen kason Nijar kuma cike suke, da yawa daga cikin tsararrun ma shari'a suke jira.

Abubuwan da suka ɗaga Malcolm ba su da tsada: babba ɗaya da ya ga alheri a cikinsa, ƙamus da takarda, wasiƙun ƴan'uwa, yaya mace da ta ƙi gajiya, da gida da aikin yi ranar fita. Malamin da zai riƙa shiga da allo, tela ko kafinta da zai karɓi wanda ya fito a matsayin almajiri, uwar da za ta ci gaba da kai tuwo ranar ziyara, duk muna da su a garin nan. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Saurayin da aka ɗaure yana da shekara 20 zai fito wata rana, kuma a unguwarmu zai kwana.