Muhammadu Kanta, Mai Birnin Surame

Mu 'yan Jihar Kebbi kullum muna rubuta sunanta a kan takardun jarrabawa, amma kaɗan daga cikinmu suka san mutumin da ya fara ɗaukaka wannan suna, watau Muhammadu Kanta.

Masu tarihi sun ce asalin ubansa daga Kuyambana ne ta ƙasar Katsina. Shi kuwa ya tashi cikin Fulani yana kiwon shanu, har ya yi suna wajen dambe da kokawa, samari suka yi ta binsa. Da ya kawo ƙarfi sai ya shiga rundunar Askiya Muhammadu, Sarkin Songhai, suka tafi yaƙin Agadas. Da aka dawo wajen 1516 sai aka hana Kanta da mutanensa rabonsu na ganima. Nan take ya yi tawaye. Songhai ta aiko da runduna, ba sau ɗaya ba, yana kora ta. Ta haka Kabi ta tsaya da ƙafarta.

A ganina, inda Kanta ya fi sauran jarumawa shi ne ya san takobi kaɗai ba ya tsare ƙasa, sai da ganuwa. Wannan kuwa na gani da idona lokacin da malamin tarihinmu ya ɗauke mu daga Dirin Daji, muka bi ta Zuru har Sakkwato, kashegari muka nufi kufan Surame a ƙasar Binji. Ni da na saba ganin ganuwar ƙasa, sai ga ta dutse, an jera shi ɗaya bisa ɗaya an liƙe da jar laka, ganuwa bayan ganuwa. Wani wuri ta zube sai tudu, wani wuri tana tsaye ta fi tsawon mutum. Ciki babu kowa sai kuka da sabara. Mun yi ta tafiya har ƙafafunmu suka yi ciwo ba mu kewaye ta ba.

Wanda ya zagaya da mu ya ce kowace ƙasa da ke bin Kanta an yanka mata nata sashen gini. Wai Nufawa sun makara, aka sa su kwaɓa tasu laka da man kaɗanya maimakon ruwa. Ko almara ce, ta nuna Kanta ba ya wasa. Mu mutanen Zuru ma muna da hannu a ciki, don ana cewa sunan Dakarkari daga dakarun Kanta ya fito, watau mayaƙansa na ƙasa.

Daga baya Sarkin Barno ya zo ya kewaye Surame, ya kasa cin ta, ya juya. Kanta ya bi shi har Nguru. A kan hanyar dawowa aka harbe shi da kibiya a Dugul cikin ƙasar Katsina, ya rasu wajen tsakiyar ƙarni na 16. Aka ɗauko gawarsa zuwa gida, an ce har an yi kaburbura da yawa don kada maƙiya su gane nasa.

Kabawa sun zauna Surame har farkon ƙarni na 18, lokacin da Sarki Tomo ya koma Birnin Kebbi. Bayan jihadi sarautar ta koma Argungu, inda gidan tarihi yake ɗauke da sunan Kanta. A 1964 gwamnati ta sa Surame cikin wuraren tarihi na ƙasa.