Louis-Joseph de Montcalm

Louis-Joseph de Montcalm (28 ga Fabrairu, 1712 – 14 ga Satumba, 1759) janar ne na sojan Faransa wanda ya jagoranci dakarun ƙasarsa a Arewacin Amurka lokacin Yaƙin Shekara Bakwai. Ya yi suna wajen karɓe sansanonin Birtaniya da ke kan iyaka, amma an fi tunawa da shi saboda yaƙin Quebec, inda aka ci shi da yaƙi kuma ya rasa ransa.

Farkon rayuwa

An haife shi a gidan sarautar Candiac kusa da birnin Nîmes a kudancin Faransa. Tun yana ɗan shekara tara aka sa sunansa cikin rundunar soja, kamar yadda gidajen sarauta suka saba a wancan zamani. Ya yi yaƙe-yaƙe a Turai, kuma a gumurzun Piacenza a Italiya a 1746 an sassare shi da takobi, aka kuma kama shi fursuna.

Zuwansa Kanada

A 1756 Sarki Louis XV ya tura shi Sabuwar Faransa, wato Kanada, domin ya gaji Baron Dieskau wanda Turawan Ingila suka kama a 1755. Ƙasar daji ce da tafkuna, babu hanyar da runduna za ta bi da igwa sai ta ruwa. Saboda haka kowane ɓangare ya kafa sansanoni a mashigar tafkuna da koguna, kuma duk wanda ya riƙe sansani shi ke da hanya.

Tun farko bai jitu da Gwamna Vaudreuil ba. Gwamnan haifaffen Kanada ne, ya fi yarda da kai farmakin sari-ka-noƙe tare da ƙabilun ’yan asalin ƙasar, don a hana abokan gaba sakat a yankunansu. Montcalm kuwa yaƙin Turai ya sani, na jera sahu da yi wa sansani ƙawanya, kuma yana raina mayaƙan sa-kai na Kanada. Kowannensu ya riƙa kai ƙarar ɗan’uwansa fadar sarki ta wasiƙa.

Yaƙin sansanoni

A Agustan 1756 ya ƙwace sansanin Oswego da ke bakin Tafkin Ontario, ya kama fursunoni kimanin 1,700. Shekara guda bayan haka ya yi wa sansanin William Henry ƙawanya a kudancin Tafkin George, da mutum kusan 8,000. Kwamandan sansanin, George Monro, ya miƙa wuya ranar 9 ga Agusta, 1757, bisa sharaɗin za a bar mutanensa su fita lafiya zuwa sansanin Edward.

Nan ne aka samu abin da ya ɓata masa suna. Mayaƙan ƙabilun da suka taya shi sun zo daga nesa, ba su da albashi, ladansu shi ne ganima da fursunoni. Da suka ga yarjejeniyar ta hana su wannan, sai wasunsu suka far wa Turawan Ingila, suka kashe waɗansu, suka tafi da waɗansu. Montcalm da hafsoshinsa sun ceto da yawa, amma ya riga ya yi alkawarin da ba shi da ikon cikawa. Ƙabilun kuma suka ɗauka ya ci amanarsu, ga cutar agana da wasu suka koma da ita garuruwansu. Daga nan ba su ƙara fito masa da yawa haka ba.

Babbar nasararsa ita ce ta Carillon, wanda daga baya aka kira Ticonderoga, ranar 8 ga Yuli, 1758. Da soja kimanin 3,600 ya tare rundunar Janar Abercrombie mai mutum kusan 16,000. Ya sa aka yi shinge da gungumen itace a kan tudu, aka zube sararrun bishiyoyi masu fiƙaƙƙun rassa a gabansa. Abercrombie bai jira igwoyinsa ba, ya yi ta tura sojoji suna sarƙewa cikin rassan ana harbe su, har ya yi asarar kusan 2,000 tsakanin matattu da masu rauni. Sai dai a shekarar nan Louisbourg da Frontenac da Duquesne duk sun kuɓuce wa Faransa.

Quebec da mutuwarsa

A 1759 Janar James Wolfe ya iso da jiragen ruwa ta kogin Saint Lawrence. Montcalm ya ƙi fitowa fili, ya kuma kore harin da aka kai Montmorency ranar 31 ga Yuli. Da dare kafin wayewar 13 ga Satumba sojojin Wolfe suka haye gangaren da ke yamma da birnin, gari na wayewa suna jere a Filin Abraham. Montcalm bai jira Bougainville da ke bayan abokan gaba da ƙarin dakaru ba, ya ba da umarnin kai hari, don gudun kada su kafu. Har yau masana tarihi na muhawara kan wannan shawara. Sahun Faransawa ya wargaje cikin kimanin minti 15. Wolfe ya mutu a filin daga, Montcalm kuma harsashi ya same shi yayin ja da baya, ya cika washegari da asuba yana da shekara 47.

An binne shi a cocin matan zuhudu na Ursuline, cikin ramin da harsashin igwa ya haƙa. Quebec ta miƙa wuya ranar 18 ga Satumba, Montreal ta biyo baya a 1760, yarjejeniyar Paris ta 1763 kuma ta miƙa Kanada ga Birtaniya. A 2001 aka mayar da ƙasusuwansa maƙabartar Babban Asibitin Quebec, kusa da sojojin da suka mutu a yaƙin.