Ɗayyib Salih: Marubucin Sudan da labarinsa na kisan kai ya raba kan masu karatu

A maƙabartar Al-Bakri da ke Omdurman aka yi jana'izar Ɗayyib Salih a watan Fabrairun 2009, bayan an ɗauko gawarsa daga Landan inda ya rasu ranar 18 ga watan. Marigayin, wanda jaridun Faransanci ke rubuta sunansa Tayeb Salih, bai bar littattafai masu yawa ba. Sai dai ɗaya daga cikinsu, ɗan ƙarami da bai kai shafi 200 ba, ya shafe kusan shekara 60 ana jayayya a kansa. An yabe shi, an haramta shi, an kuma koyar da shi a jami'o'i.

Daga Karmakol zuwa Landan

An haifi Ɗayyib Salih a 1929 a ƙauyen Karmakol, kusa da garin Dabba a arewacin Sudan, a bakin kogin Nilu. Danginsa manoman dabino ne da malaman addini, kuma da makarantar allo ya fara karatu. Ya yi sakandare a Wadi Sayyidna da ke arewa da Omdurman, sannan ya shiga kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Khartum. Ya taɓa aikin koyarwa na ɗan lokaci kafin ya tafi Ingila a farkon shekarun 1950.

A Landan ya kama aiki da sashen Larabci na BBC, har ya shugabanci ɓangaren wasan kwaikwayo. Daga nan ya riƙe babban muƙami a ma'aikatar yaɗa labarai ta Qatar, ya kuma yi aiki da hukumar UNESCO a Paris da yankin Gulf. Galibin rayuwarsa a ƙasar waje ya yi ta, amma kusan duk labaransa sun faru ne a wani ƙauye da ya ƙirƙira mai suna Wad Hamid, wanda ya yi kama da mahaifarsa.

Baƙo, mabuɗi da kullallen ɗaki

A 1966 mujallar Hiwar ta Beirut ta buga Mawsim al-Hijra ila al-Shamal, wato lokacin ƙaura zuwa arewa, abin da Bahaushe zai fi ganewa da cin rani. Mai ba da labarin, wanda ba a faɗi sunansa ba, ya dawo ƙauyensu bayan shekara bakwai yana karatu a Ingila. Ya tarar da baƙuwar fuska, wani Mustafa Sa'id da ya sayi gona, ya auri 'yar gari Husna bint Mahmud, yana zuwa masallaci kamar kowa. Wani dare baƙon ya sha ya bugu, sai ya ɓarke da rera waƙar Turanci tiryan-tiryan. Daga nan mai ba da labarin ya shiga bin diddigi.

Abin da ya tono ba ƙarami ba ne. An haifi Mustafa a Khartum a 1898, shekarar da sojojin Kitchener suka karya daular Mahadi a Karari. Kaifin ƙwaƙwalwa ya kai shi Alƙahira, ya kai shi Landan, har ya zama malamin tattalin arziki. A can ya riƙa yaudarar matan Turawa da tatsuniyoyin Afirka da suke son ji. Uku daga cikinsu sun kashe kansu, ta huɗu kuwa, matarsa Jean Morris, shi ya daɓa mata wuƙa. Kotu ta ɗaure shi shekara bakwai.

Bayan ya ba da wannan labari, Mustafa ya ɓace a lokacin ambaliyar Nilu, ba a ga gawarsa ba. Ya bar wa mai ba da labarin amanar 'ya'yansa biyu da mabuɗin wani ɗaki da ba wanda ya taɓa shiga. Shi kuma yana can Khartum wajen aikinsa a ma'aikatar ilimi lokacin da aka yi wa Husna auren dole da wani tsoho, Wad Rayyis. Ta riga ta faɗi abin da za ta yi idan aka tilasta mata, ba wanda ya saurare ta. Ta kashe tsohon, ta kashe kanta, mutanen gari suka binne su da dare suka ja baki suka yi shiru.

Kayan aikin labaran binciken kisa duk suna nan: baƙo mai ɓoyayyen tarihi, gawar da ba a gani ba, wasiƙa, mabuɗi, ɗakin da aka kulle. Wanda ya saba da littattafan Agatha Christie, irin Death on the Nile na 1937 da ya faru a jirgin ruwa a kan wannan kogi, ya san yadda ake ƙarewa: Poirot ya tara jama'a, ya nuna mai laifi, hankali ya kwanta. Salih ya juya tsarin. Tun da wuri ya bayyana wanda ya yi kisa, ya bar mai karatu da tambayar dalili da kuma wanda ya kamata a tuhuma. Da aka buɗe ɗakin ma, abin da aka samu shi ne murhu irin na gidajen Ingila da tarin littattafai, ba ko ɗaya na Larabci, hatta Alƙur'anin da ke ciki fassarar Turanci ce.

Yadda masu karatu suka karɓe shi

Littafin ya fito a mummunan lokaci. A daidai wannan tsakani aka gano cewa ƙungiyar da ke ɗaukar nauyin Hiwar tana samun kuɗi daga hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA, mujallar ta rufe a 1967. Duk da haka labarin ya tsira. Mai sharhin adabi na Masar, Raja'u al-Naƙƙash, ya yi rubutun da ya ja hankalin Larabawa zuwa gare shi, aka sake buga shi a Alƙahira da Beirut. A 1969 fassarar Turanci ta Denys Johnson-Davies ta fito a jerin littattafan marubutan Afirka na kamfanin Heinemann. Masu Faransanci sun sami wani ɓangare a 1972, cikakkiyar fassarar kuma, Saison de la migration vers le nord, ta zo a 1983.

Masu karatu sun rabu gida-gida. Wasu sun ɗauki Mustafa a matsayin mai ramuwar gayya, ɗan mulkin mallaka da ya kai yaƙi har gadon Turawa, suna kwatanta littafin da Othello na Shakespeare da Heart of Darkness na Conrad, inda a wannan karon baƙar fata ne ya yi tafiyar. Wasu sun ce wannan ramuwa ba ta 'yanta kowa ba, mata kawai ta ci. Masu nazarin halin mata sun fi tsayawa kan Husna: kisan Landan ya je kotu an yi ta muhawara, na ƙauye kuwa an rufe shi ruf, alhali uba da dattawan da suka ɗaura auren suna yawo abinsu.

A gida Sudan, akwai waɗanda suka ga batsa ce kawai a ciki, musamman hirar tsofaffin ƙauye da ba sa sakaya magana. An taɓa haramta littafin a ƙasar na wani lokaci. Dangantakar marubucin da hukuma ta ƙara tsami bayan juyin mulkin Umar al-Bashir na 1989, lokacin da ya rubuta wata maƙala a mujallar Al-Majalla yana mamakin inda sababbin masu mulkin suka fito. Haramcin bai hana karatu ba. A 2001 wata cibiyar adabin Larabci da ke Dimashƙa ta zaɓe shi a matsayin littafin ƙagaggen labari mafi muhimmanci na Larabci a ƙarni na 20.

Abin da ya shafi Hausawan ƙetare

Bahaushen Sudan ba ya buƙatar a fassara masa matsayin Mustafa a Wad Hamid. Bayan yaƙin Burmi na 1903, mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru sun nausa gabas tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar. Maniyyata masu tafiya a ƙasa su ma da yawa sun yada zango a gonakin audugar Jazira da unguwannin Khartum da Omdurman, zangon ya zama gida. Jikokinsu sun san yadda mutum zai yi noma, ya yi aure, ya yi salla a sahu ɗaya da jama'a, amma a ci gaba da tambayar asalinsa. Haka ɗalibin da ya dawo Maraɗi ko Kumasi daga Turai zai ga kansa a mai ba da labarin, wanda ilimi bai ba shi ƙarfin hana zaluncin da ya gani yana tafe ba.

Salih yana da wasu ayyukan. Urs al-Zain labari ne mai ban dariya da taushi kan auren wani wawan gari, wanda Khalid al-Siddiƙ na Kuwait ya mayar fim a 1976. Akwai kuma Bandar Shah mai kashi biyu, da gajerun labarai irin Daumat Wad Hamid. A 2005 ya karɓi kyautar Alƙahira ta ƙagaggen labarin Larabci.

Tun yana raye abokansa suka tara masa kuɗi don karramawa, shi kuma ya ce a kafa gasar marubuta da su, cibiyar al'adu ta Abdulkarim Mirgani da ke Omdurman ta riƙa gudanar da ita. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin soja da dakarun RSF ya tarwatsa miliyoyin mutanen Khartum da Omdurman, cikinsu har da Hausawa. Da yawa daga masu karanta shi yanzu suna gudun hijira a Masar da Cadi da sauran ƙasashe, wasunsu ta hanyar arewar da ya ambata a sunan littafinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya zaunar da Sudan lafiya.