Giovanni Bottesini: Yaron da Bai Zaɓi Gogensa Ba

Kafin in shiga bayani, bari in faɗi gaskiya: lokacin da na nemi shiga jami'a, aikin lauya na cike, sai ga sunana ya fito a sashen harsuna. Na yi watanni ina jin haushi, kuma na san da yawa daga cikinmu haka abin ya same su. Wannan ne ya sa tarihin wani makaɗin Italiya, Giovanni Bottesini, ya tsaya mini a rai.

An haife shi a garin Crema da ke arewacin Italiya ranar 22 ga Disamba, 1821. Mahaifinsa Pietro mabushi ne, shi ya fara koya masa kiɗa, kuma ƙaramin gogen Turawa yaron ya soma riƙewa. A 1835 aka nema masa gurbi a makarantar kiɗa ta Milan. Iyayensa ba su da halin biya, guraben karatun kyauta kuwa biyu kacal suka rage: na wani dogon abin busa, da na babban goge, wanda Italiyawa ke kira kontarabaso. Cikin 'yan makonni yaron ya koyi abin da zai ishe shi cin jarrabawa a kan babban gogen, aka ɗauke shi, ya zauna hannun malami Luigi Rossi.

To, wane irin goge ne wannan? Namu ƙwarya ce da fata da izgar doki. Wannan kuwa akwati ne na katako mai tsawon kusan mita 1.8, a tsaye ko bisa doguwar kujera ake kaɗa shi. Ana sassaƙa gabansa da katako mara nauyi don ya riƙa rawa da sauti, bayansa da wuyansa kuma da katako mai tauri. A cikinsa akwai wata 'yar sanda da ke tsaye tsakanin gaba da baya, ba a manna ta da komai, nauyin tsirkiyoyi ne ke danne ta. Italiyawa suna kiran ta anima, wato kurwa, domin in ta gusa kaɗan muryar gogen ta sauya. A wancan zamani aikinsa gurnani ne daga bayan sahu, ba kasafai ake sa shi gaba ba.

A 1839 Bottesini ya kammala karatu da kyautar faran 300. Kuɗin suka taimaka masa ya sayi wani tsohon goge da masassaƙan gidan Testore na Milan suka ƙera a 1716. Ana ba da labari cewa a ɗakin shirgin wani gidan wasan 'yar tsana ya same shi. Tsirkiya uku ya ɗaura masa, ko da yake yau huɗu aka fi sawa, kuma da shi ya yi yawon duniya har ƙarshen rayuwarsa.

Ya tafi Habana ta ƙasar Kyuba a 1846, ya zaga Amurka, ya isa Landan a 1849. Jama'a suka sha mamakin yadda yake fitar da siririyar murya mai daɗi daga wannan ƙaton akwati, har aka riƙa kwatanta shi da Paganini, gwanin ƙaramin goge. Ya kuma tsara kiɗe-kiɗe da wasannin kwaikwayo na waƙa. Amininsa Verdi ya amince masa ya jagoranci makaɗa a daren da aka fara nuna wasan Aida a Alƙahira, ranar 24 ga Disamba, 1871. Daga baya, da goyon bayan Verdi, aka ba shi shugabancin makarantar kiɗa ta Parma, amma bai shekara a kujerar ba ya rasu ranar 7 ga Yuli, 1889. Har yau masu koyon babban goge suna gwada hannunsu a kan kiɗe-kiɗen da ya bari.

Ni dai abin da na ɗauka shi ne, gurbin da ya rage aka ba shi, shi kuwa ya riƙe shi da hannu biyu. Hausawa na cewa kowa ya yi haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa. Tun da na san labarinsa na daina zama a bayan aji a darasin nahawu. Allah ya sa mu dace, amin.