Gregor Mendel: Ɗan manomin da ya ƙirga wake, ya gano yadda tsirrai ke gadon iyayensu

Manomin da ya taɓa sayen ingantaccen irin masara na haɗin jinsi biyu ya san gargaɗin malaman gona: kada a ɗebi irin baɗi daga amfanin bana. Wanda ya ƙi ji yakan tarar da gonarsa ta fito gauraye, wani kara dogo, wani gajere, zangarniya kowace da kamarta. Mutumin da ya fara bayyana dalilin haka bai taɓa zama farfesa ba. Malamin coci ne da ya nemi takardar shaidar koyarwa har sau biyu bai samu ba. Sunansa Gregor Mendel.

An haife shi a watan Yulin 1822 a ƙauyen Heinzendorf na daular Ostiriya, wanda a yau yake cikin Jamhuriyar Czech. Iyayensa ƙananan manoma ne, kuma sunan da suka raɗa masa Johann. Tun yana yaro ya saba da aikin lambu da kiwon zuma. Malamansa sun ga hazaƙarsa, aka tura shi makaranta a birni, amma talauci ya bi shi can. Mahaifinsa ya samu rauni bayan da gungumen itace ya faɗo masa, kuɗin gida ya yanke, yaron ya koma koyar da wasu ɗalibai don ya samu na abinci. Sau da yawa rashin lafiya ta mayar da shi gida. Ƙanwarsa Theresia ce ta sadaukar da wani kaso na dukiyar aurenta don ya ci gaba da karatu. Bai manta alherin ba, domin daga baya shi ya ɗauki nauyin karatun 'ya'yanta maza uku, biyu daga cikinsu suka zama likitoci.

A 1843 ya shiga gidan 'yan zuhudu na Saint Thomas da ke birnin Brno, inda aka ba shi sunan Gregor. Gidan yana da ɗakin karatu da lambu, kuma shugabansa Cyril Napp mutum ne mai son binciken noma. Bayan da Mendel ya kasa cin jarrabawar malanta a 1850, Napp ya tura shi Jami'ar Vienna, inda ya yi karatu daga 1851 zuwa 1853. A can ya koyi kimiyyar fiziya a wurin Christian Doppler, da ilimin tsirrai a wurin Franz Unger. Ya dawo da ɗabi'ar da ba a saba gani ba wajen masu nazarin tsirrai na zamanin: ya auna, ya ƙirga, ya rubuta.

A wancan lokaci an fi ɗauka cewa halittar uba da ta uwa gaurayewa suke yi a jikin ɗa, kamar yadda nono ke gaurayewa da ruwa, ba a ƙara raba su. Mendel ya yi niyyar gwada wannan zato, sai ya zaɓi waken Turawa da ake kira fis.

Zaɓin yana da dalili. A cikin fure akwai sashen namiji mai fitar da gari kamar hoda, akwai kuma sashen mace mai ɗauke da 'yan ƙwayoyin da za su zama iri. Sai garin ya sauka a kan sashen mace, ya zura siririn bututu zuwa ciki, sannan ƙwaya ke ƙulluwa, kwanso ya fito. A wasu tsirrai iska ko ƙudan zuma ke kai garin daga fure zuwa fure. Furen fis kuwa a rufe yake, yana yi wa kansa barbara tun kafin ya buɗe, shi ya sa kowane iri ke riƙe kamanninsa shekara da shekaru. Mendel yakan buɗe furen tun bai nuna ba, ya tsinke sassan namijin da ɗan hantsaki, sannan ya shafa garin wani furen da ya zaɓa. Ta haka ya san uban kowace ƙwaya da uwarta.

Ya tattaro iri 34, ya gwada su shekara biyu, ya riƙe 22. Daga 1856 zuwa 1863 ya shuka tsirrai kimanin dubu 28, yana bibiyar siffofi bakwai, daga ciki har da tsawon kara, launin ƙwaya, da santsinta ko yamutsewarta.

Da ya haɗa dogon fis da gajere, bai samu matsakaici ba. Dukkan 'ya'yan dogaye suka fito, tamkar gajartar ta ɓace. Da ya bar waɗannan 'ya'yan suka yi wa kansu barbara, sai gajartar ta sake ɓullowa a jikoki: cikin tsirrai 1,064, dogaye 787, gajeru 277. A launin ƙwaya ya ƙirga rawaya 6,022 da kore 2,001. A siffarta ya samu masu santsi 5,474 da yamutsattsu 1,850. Ko'ina lissafin ya tsaya kusa da uku da ɗaya.

Daga nan ya fahimci cewa kowane tsiro yana ɗauke da ƙwayar gado biyu ga kowace siffa, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Wata tana rinjaye, wata tana laɓewa, amma wadda ta laɓe ba ta narke ba. Idan lokacin haihuwa ya zo sai biyun su rabu, kowace ta kama hanyarta, kuma duk jikan da ya gaji laɓaɓɓu biyu zai fito da siffar da aka zaci ta tafi. Wannan rabuwa ita ce take wargaza gonar wanda ya sake shuka irin haɗi.

A ranakun 8 ga Fabrairu da 8 ga Maris na 1865 ya gabatar da sakamakonsa ga ƙungiyar masu nazarin halittu ta Brno, aka buga shi a mujallarta a 1866. Masana ba su kula ba. Ya aika wa Carl Nägeli, babban masanin tsirrai a birnin Munich, wanda ya ƙarfafa masa gwiwar ci gaba da gwaji a kan wata ciyawa mai suna Hieracium. Mendel ya shafe shekaru yana fama da ƙananan furanninta har idanunsa suka wahala, lissafin kuma ya ƙi fita. Abin da babu wanda ya sani a lokacin shi ne, wannan ciyawa takan ƙulla iri ba tare da barbara ba, 'ya'yanta su fito kwafin uwa. Dokar Mendel ba ta yi kuskure ba, tsiron ne bai dace da gwajin ba.

A 1868 aka zaɓe shi shugaban gidan. Harkokin mulki suka cinye lokacinsa, musamman doguwar jayayya da gwamnati kan harajin da ta ɗora wa gidajen ibada, wanda ya ƙi amincewa da shi har ƙarshen rayuwarsa. Ya ci gaba da kiwon zuma da rubuta bayanan yanayi. Ciwon ƙoda ya yi ajalinsa a ranar 6 ga Janairun 1884, yana da shekara 61. Bayan rasuwarsa an ƙona mafi yawan takardunsa.

Sai a 1900 masana uku, Hugo de Vries na ƙasar Holan, Carl Correns na Jamus da Erich von Tschermak na Ostiriya, suka wallafa sakamako irin nasa, sannan duniya ta gane cewa wani ya riga su da shekara 34. Daga nan aka kafa kimiyyar gado, aka kuma ɗora sunansa a kan dokokinta na farko.

A Nijeriya, masu samar da sababbin irin wake, masara da dawa a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Zariya, da cibiyar IITA ta Ibadan, a kan wannan tubali suke gini. Furen waken gida ma yakan yi wa kansa barbara kamar na fis, saboda haka mai son haɗa iri mai jure fari da iri mai yawan 'ya'ya dole ya buɗe fure da hannu, ya cire sashen namiji, ya shafa garin da ya zaɓa, sannan ya jira jikoki ya ƙirga su, kamar yadda ɗan manomin Heinzendorf ya yi a ɗan lambunsa na Brno.